Tambaya da Amsa: Tsohon Soja, Raunin Gaba da Neman Haƙƙin Diyya

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa sun taru a kan maganar da maza ba su cika son furtawa ba: raunin gaba, da ko tsohon soja yana da haƙƙin a biya shi diyya a kansa. Uku daga 'yan Kaduna ne da suka yi aikin soja a Amurka suka dawo gida, biyu daga sojojinmu na nan. Mun sakaya sunaye kamar yadda aka roƙe mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana ya yi shekara tara a rundunar sojan ƙasa ta Amurka, har ya je Iraƙi, yanzu mun dawo Kaduna da zama. Ana biyan sa diyya duk wata saboda firgicin yaƙi, kuma yana shan maganin damuwa mai suna sertraline. Tun da aka ɗora shi a kan maganin nan ƙarfinsa ya ragu, yanzu ma kusan babu. Shin wannan yana cikin abin da ake biya? Shi kunya ta hana shi tambaya. Daga wata matar aure, Unguwar Rimi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yana ciki, kuma zamansa a Kaduna bai rage masa komai ba. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka, wadda aka fi sani da VA, tana biyan wanda ya cancanta ko da a ƙasar waje yake zaune.

Abu uku take son gani kafin ta amince da lalura: likita ya tabbatar akwai ciwon a yanzu, akwai rauni ko ciwo ko wani lamari da ya faru lokacin aiki, sannan akwai hujjar likita da ta ɗaure na farkon da na biyun. Raunin gaba ba kasafai yake bin wannan hanya kai tsaye ba, sai ga wanda harsashi ko ɓarɓashin bam ya sama a ƙugu, ko wanda ya ji rauni a laka. Yawanci wani ciwon ne yake jawo shi, kuma doka ta san da haka. Sashe na 3.310 na kundi na 38 na dokokin tarayyar Amurka ya ce lalurar da ta samo asali daga ciwon da aka riga aka amince na aiki ne, ita ma ta aiki ce, kuma illar maganin da ake sha saboda ciwon tana shiga nan. Ciwon suga, hawan jini, tiyatar sankarar mafitsarar maza, ciwon baya mai danne jijiya, firgici da damuwa, duk suna kashe gaba. Haka magunguna irin su sertraline, paroxetine, fluoxetine, atenolol, wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari, da masu kashe zafi irin tramadol idan an daɗe a kansu. Maigidanki yana kan hanya mai ƙarfi, domin an riga an amince da firgicin, kuma likitoci sun daɗe da sanin wannan illa ta sertraline.

Abu na farko, tun kafin ya ga likita, ya cike fom mai lamba 21-0966 na bayyana niyyar neman diyya, ko ya soma cike buƙatar a shafin VA na intanet. Amfaninsa shi ne riƙe masa kwanan wata. Daga ranar yana da shekara ɗaya ya kammala, kuma idan an amince, daga wannan rana za a lissafa bashin da yake bi. Mutane da yawa suna ɓata wata shida suna tara takardu ba su yi wannan ba, kuɗin watannin ya tafi ke nan.

Sai ganin likita. A nan ne kunya take kashe fayil. Idan babu inda wani likita ya rubuta sunan ciwon a folda, a idon VA babu ciwon, ko da shekara biyar ya yi yana fama. Ya nemi likitan mafitsara a asibitin koyarwa na Barau Dikko ko na ABU da ke Shika, ya faɗi abin kamar yadda yake: yaushe ya fara, ko yana samun miƙewar asuba, ko matsalar tashi ce ko ta tsayawa, ko sha'awar ce ta ɗauke. Za a auna suga, har da gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin sugan kimanin wata uku, da kitsen jini, da hawan jini, da sinadarin testosterone wanda da safe ake ɗibar jininsa domin lokacin ya fi yawa. Idan likitan ƙwaƙwalwa yake gani, misali a asibitin tarayya na Barnawa, shi ma ya sa matsalar a rubuce, da ranar da aka fara maganin da adadin da yake sha.

Daga nan ya roƙi likita wasiƙa, bugaggiya, a kan takardar asibiti mai hatimi da sunan likitan da lambar rajistarsa. Layi biyu na "ina shaida wannan mara lafiya nawa ne" ba ya aiki. Wasiƙar ta nuna likitan ya karanta bayanan jinyarsa, ta jero kwanakin fara magani da fara matsala, ta yi bayanin yadda maganin yake haifar da abin, ta kuma ambaci sauran abubuwan da ka iya zama sanadi ta faɗi dalilin da ya sa ba su ne ba. Ma'aunin VA shi ne yiwuwar alaƙar ta kai rabi da rabi ko fiye, kuma jimlar da ake rubutawa da Turanci ita ce "at least as likely as not". Idan likita ya rubuta "mai yiwuwa ne" kawai, za a ce hasashe ne a ajiye wasiƙar. Idan hujja ta yi kunnen doki, doka ta ce tsohon sojan ne yake da rinjaye.

Ke ma kina da rawar takawa. Fom 21-10210 na shaidar wanda ya gani ne, kuma ba wanda ya fi ki sanin lokacin da abin ya canza. Ki rubuta a taƙaice, da watanni da shekaru, ba sai kin shiga abin da mutunci ya hana ba. Sai a haɗa komai da fom 21-526EZ a tura ta intanet.

Bayan haka za a iya kiran sa gwajin likita na VA, wanda ga mazauna ƙasashen waje ake shiryawa ta hannun likitocin kwangila. Kada ya ƙi zuwa, kuma kada ya yi jarumtaka a gaban likita. Namiji yakan ce "da sauƙi, alhamdu lillahi" don al'ada, likita kuwa abin da ya ji shi zai rubuta.

Muna roƙon ki abu ɗaya: kada ya daina sertraline da kansa. Yanke shi farat ɗaya yana kawo jiri, rashin barci da dawowar firgicin. Likitansa na iya rage adadi ko canza masa wani maganin da illarsa ta wannan fanni ba ta kai haka ba.

TAMBAYA: Na yi aiki a sojan ruwan Amurka. An amince da hawan jinina, amma da na nemi a haɗa da raunin gaba sai aka ƙi, aka ce shekaru ne da ƙiba da taba. Takardar ta je adireshin ƙanina a can, sai bayan wata huɗu ta iso hannuna. Me ya rage mini? Daga wani magidanci, Malali.

AMSA: Malam, abin da ya rage maka wata takwas ne. Wa'adin shekara ɗaya na ɗaukaka ƙara yana farawa ne daga ranar da ke saman takardar, ba daga ranar da ka karɓa ba. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, don haka yau ɗin nan ka duba kwanan watan, ka kuma gyara adireshinka da lambar wayarka a shafin VA, inda za ka riƙa ganin takardunka tun kafin su zo ta gidan waya.

Ka karanta takardar a tsanake. Akwai wurin da aka jero abubuwan da aka amince da su a kanka, misali cewa lallai kana da ciwon kuma hawan jininka na aiki ne. Waɗannan sun zauna, masu duba fayil a gaba ba sa warware su sai da hujja bayyananniya. Abin da aka ce babu shi za ka nema, kuma daga bayaninka, alaƙar ce babu. Ka nemi kwafin fayil ɗinka da rahoton likitan da ya gwada ka ta fom 20-10206, domin ka san ainihin abin da ya rubuta.

Tun 19 ga Fabrairu 2019 hanyoyin ɗaukaka ƙara uku ne. Akwai neman babban jami'i ya sake dubawa, da fom 20-0996. A nan ba a karɓar sabuwar hujja ko ɗaya, fayil ɗin da yake nan shi za a sake karantawa. Yana da amfani idan kuskure ne a fili, kamar an tsallake wasiƙar likita da ke cikin fayil, ko likitan gwaji bai taɓa maganar magungunanka ba. Kana iya neman a kira ka a waya ka nuna kuskuren, sai dai ka tuna Kaduna tana gaban Washinton da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, kiran zai iya zuwa da yamma ko da dare.

Akwai ƙarin buƙata da sabuwar hujja, da fom 20-0995. Sharaɗinta hujjar ta zama sabuwa, wadda ba a gani ba a baya, kuma mai alaƙa da abin da ake jayayya a kai. Idan ka shigar cikin shekarar, kwanan watanka na asali yana nan. Idan ka wuce, za a karɓa, amma lissafin kuɗi zai fara ne daga sabuwar ranar.

Ta uku ita ce zuwa gaban alƙalin hukumar ɗaukaka ƙarar tsofaffin sojoji, da fom 10182. Za ka zaɓi ko alƙali ya duba fayil kawai, ko ka ƙara hujja cikin kwana 90, ko a zauna a saurare ka, wanda ana iya yi ta bidiyo. Ita ce ta fi daɗewa, musamman mai zaman sauraro. Idan nan ma aka ƙi, akwai kotun ɗaukaka ƙara ta musamman ta tsofaffin sojoji, wa'adinta kwana 120 kacal.

A ganinmu ta biyu ce taka. Kuma wasiƙar da za ka kawo dole ta tunkari dalilan ƙin gaba da gaba. Kada likita ya yi kamar bai san kana shan taba ba ko bai ga nauyinka ba, mai duba fayil ya gani. Ya yi bayanin yadda hawan jini na shekaru yake lalata bangon ƙananan hanyoyin jini, waɗanda na gaba suna cikin mafi ƙanƙanta, da kuma rawar maganin da kake sha. Idan folda ta nuna matsalar ta taso bayan an fara wani magani ko an ƙara adadinsa, wannan ita ce hujjarka mafi ƙarfi. Likita ya amsa tambaya biyu daban-daban: shin hawan jinin ne ya haifar, in kuwa ba shi ba ne, shin ya ƙara tsananta abin? Doka ta yarda da tsanantawa, kuma sau da yawa rahoton gwaji yakan amsa ta farko ya bar ta biyu. Ita kanta ƙiba, idan ciwon aiki ne ya jawo ta, kamar gwiwar da ta hana mutum motsi, VA tana karɓar ta a matsayin tsani tsakanin ciwo da ciwo.

Maganar wakili: ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW suna taimakawa kyauta. Lauya ko wakilin da VA ta tantance ba shi da izinin karɓar kuɗi a kan buƙatar farko, sai bayan an yanke hukunci, kuma abin da aka saba shi ne kashi 20 cikin 100 na bashin da aka biyo. Duk wanda ya same ka a WhatsApp yana neman kuɗin somi ko lambar sirrin shafinka, ka rabu da shi.

TAMBAYA: VA ta amince da buƙatata ta raunin gaba, amma aka ba ni kashi sifiri na naƙasa. Wannan ai cin fuska ne. In ɗaukaka ƙara? Daga tsohon soja, Barnawa.

AMSA: Yallaɓai, ka yi nasara ne, kada ranka ya ɓaci. Tun daga 14 ga Nuwamba 2021, raunin gaba, wanda yake lamba 7522 a jadawalin naƙasa na VA, kashi sifiri ake ba shi ga kowa. Kafin nan ana ba da kashi 20 idan akwai lanƙwasa ko naƙasar sura tare da rashin miƙewa, kuma wanda ya riga ya samu ba a ƙwace masa don kawai an canza jadawalin. Kaso mai yawa yana zuwa ne idan an rasa wani sashe: cire 'ya'yan maraina biyu kashi 30, shanyewarsu duka biyun kashi 20.

Kuɗin raunin gaba ta wata ƙofa yake fitowa, wato ƙarin diyya ta musamman da ake kira SMC-K, saboda rasa amfanin gaɓar haihuwa. A Disamba 2024 adadinta ya kasance dala 136.06 a wata, ana ɗora ta a kan diyyar da kake karɓa, kuma ana daidaita ta da tsadar rayuwa a watan Disamba. Ka duba takardarka ko an ambace ta. Ya kamata a ba da ita ba tare da ka roƙa ba idan hujja ta nuna, amma akan manta. In babu, fom 20-0996 shi ne daidai, domin hujjar tana cikin fayil. Cewa magani yana ɗan taimaka maka bai rufe wannan ƙofa ba.

Sifirin nan kuma ya buɗe maka shirin VA na jinya a ƙasashen waje, wanda yake biyan kuɗin maganin ciwon da aka amince na aiki ne. Rajista da fom 10-7959f-1 ake yi. Ka riƙa adana takardar likita da rasit mai ɗauke da sunan magani, adadi da kwanan wata, kuma maganin ya zama wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi.

TAMBAYA: Ni sojan Najeriya ne, na yi Laberiya a ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, na yi Arewa maso Gabas inda nakiya ta tashi da motarmu na ji rauni a ƙugu. Tun lokacin ban koma daidai ba. Wani ya ce zai yi mini hanyar kuɗin Amurka idan na ba shi na fom. Gaskiya ne? Daga tsohon saje, Kawo.

AMSA: Baba, Allah ya saka maka da alheri kan hidimar da ka yi, ya ba ka lafiya. Kada ka ba shi ko sisi. Diyyar VA ta wanda ya yi aiki a rundunonin Amurka ce, mai takardar sallama da ake kira DD214. Zuwa ECOMOG, ko aikin Majalisar Ɗinkin Duniya, ko kwas tare da Amurkawa, ba ya sa mutum cikinta.

Haƙƙinka a gida yake. Fanshon sojoji yana hannun Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja, kula da lafiyar waɗanda suka yi ritaya kuma yana bi ta kamfanin inshorar lafiya na tsaro, DHML. A maganar naƙasa, abin da yake da nauyi shi ne rubutun lokacin da abin ya faru da kuma abin da kwamitin likitocin soja ya tabbatar. Saboda haka ka fara da tattara takardu: takardar sallama, lambar aikinka, sunan bataliya da wurin da aka kai harin da kwanan wata, katin asibitin da aka fara kai ka, hotunan ƙashi, rahoton tiyata, da rahoton kwamitin likitoci idan an zaunar da kai kafin ritaya. Abokan aikin da kuke tare a motar, ka nemi shaidarsu a rubuce tun suna kusa.

Sai ka je Asibitin Sojoji na 44 da ke nan Kaduna ka nemi ganin likitan mafitsara. Karayar ƙashin ƙugu tana iya tsinka jijiyoyi da hanyoyin jinin da ke ciyar da gaba, tana kuma iya ƙuntata hanyar fitsari. Idan fitsarinka yana fita siriri, ko sai ka yi yunƙuri, ka faɗa, domin wannan ƙarin shaida ce cewa raunin ya taɓa wurin. Abin da yake yawan faruwa shi ne soja ya faɗi ciwon ƙafa da na baya a gaban kwamiti ya haɗiye wannan, bayan shekaru kuma a ce babu shi a fayil. Ka roƙi likita ya rubuta ra'ayinsa a fili kan ko raunin nakiyar ne sanadi.

Da wannan rahoto za ka rubuta koke ta hannun rundunar da ka yi wa aiki, kana neman a sake duba matsayin lafiyarka. Reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion na jiha zai iya nuna maka ofishin da ya dace. Kada ka miƙa takarda ta asali, kwafi za ka bayar, kuma kowace wasiƙa a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka kwafin.

TAMBAYA: Ina shan maganin ciwon ƙirji da ake sawa a ƙarƙashin harshe. Abokina ya ba ni ƙwayar ƙarfin maza. Zan iya sha kafin in samu ganin likita? Daga tsohon kofur, Rigasa.

AMSA: A'a, Malam, kada ka sha. Maganin ƙarƙashin harshe na ciwon ƙirji, irin su glyceryl trinitrate da isosorbide, idan ya haɗu da ƙwayoyin ƙarfin maza irin su sildenafil ko tadalafil yana faɗar da jini ƙasa warwas, mutum ya suma ko ya rasa ransa. Wannan ya haɗa da maganin gargajiya na kwalba da shayin ƙarfin maza da ake talla a tasha, domin an sha gano an zuba sildenafil a cikin irinsu ba tare da an rubuta ba, kuma ba ka san adadin da ke ciki ba.

Ga wanda likita ya duba zuciyarsa ya ba shi izini, akan fara sildenafil da miligiram 50, kimanin awa ɗaya kafin kusantar iyali, ba fiye da sau ɗaya a yini ba. Dattijo ko mai ciwon ƙoda ko hanta akan fara masa da 25. Abinci mai maiƙo yana jinkirta aikinsa, kuma ba ya aiki sai da sha'awa, shi ya sa wasu suke cewa bai yi musu ba bayan gwaji ɗaya a kan tuwo da miya mai mai. Idan gaba ya miƙe ya kai awa huɗu bai kwanta ba, asibiti za a tafi a daren, ba a jira safiya, domin jinkiri yana lalata naman wurin har abada.

A wurinka, raunin gaban da ciwon ƙirjin wataƙila tushensu ɗaya, wato toshewar hanyoyin jini. Ka kai maganar ga likitan zuciyar da yake duba ka, ka tafi da duk kwalayen magungunan da kake sha, har da ƙwayar da abokin naka ya ba ka. Akwai hanyoyin da ba su karo da maganinka, kamar famfon da ke jawo jini zuwa gaba da allurar da ake yi a wurin, kuma likitan mafitsara ne zai zaɓa maka bayan na zuciya ya tabbatar jikinka zai ɗauki kusantar iyali.